Inshorar kayan aikin da muke ajiye a gida: muhawara a zauren masu aikin hannu na Kebbi da Zamfara

Tsohon Malami, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon 'yan uwa su ba ni aron hankalinsu kan wata magana da ta hana ni sakat tun makon jiya. Shekara shida ke nan da na yi ritaya daga koyarwa, kuma tun lokacin na mayar da garejin gidana ɗakin aikin katako, domin tun ina saurayi raina ke son haɗa kujeru da kabad, aikin gwamnati ne ya hana ni sukuni. Da kuɗin sallamata na sayi injin yankan katako mai tebur, da injin goge fuskar katako, da injin huda, da ƙaramin janareto, ban da zarto da guduma da kurfi da magagari da sauran ƙananan kayan da na yi ta tarawa ɗaya bayan ɗaya.

Daren Talata wuta ta tashi a gida na uku daga nawa, a ɗakin da maigidan ke ajiye katifun sayarwa. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma kafin a ci ƙarfinta ɗakin ya zama toka. Da gari ya waye na shiga garejina na tsaya ina kallon garin katako a ƙasa da jarkar fetur a kusurwa, sai gabana ya faɗi. Na buga waya Kano na tambayi farashin injin da na saya a 2019, abin da aka faɗa mini ya ninka kuɗin da na biya fiye da sau uku. Idan kayan nan suka tafi, fanshona ba zai dawo da ko ɗaya daga cikinsu ba.

To, shin ana yi wa irin waɗannan kaya inshora a ƙasar nan, ko sai manyan masana'antu? Idan mutum ya yi wa gidansa inshora, ta haɗa da su? Kuma me malamanmu suka ce game da halascin abin?

Kafinta, Jega

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar wa maƙwabcinka da alheri. Ni dai shawarata ka riƙe kuɗinka. Na taɓa yi wa shagona inshora, shekara biyu ina biya ba fashi. Ranar da aka kwashe mini injina biyu cikin dare, na kai rahoto wurin 'yan sanda, na cike takardu, na yi zirga-zirgar wata uku, daga ƙarshe aka ce ba za a biya ni ba domin ba a fasa ƙofa ba, da makulli aka buɗe. Wanda ya ɗauki nauyina shi ne ƙungiyarmu ta kafintoci, suka haɗa mini abin da ya sawwaƙa, sannan aka matso mini da ɗaukar adashe gaba. Tun daga ranar na san inda amanata take.

Ma'aikaciyar Inshora, Birnin Kebbi

Baba Malam, barka da war haka. Ina cikin waɗanda ka koya wa lissafi a sakandare, kuma shekarata ta goma sha ɗaya ke nan a wannan aiki, don haka bari in biya kaɗan daga cikin bashin da kake bi na.

Zan fara da Yayana na Jega, domin abin da ya same shi akwai ciwo, kuma ba zan ce masa ƙarya yake yi ba. Inshorar sata da aka saba sayarwa, ta fasa wuri ce. Sharaɗin da ke cikinta shi ne ɓarawo ya shiga ko ya fita da ƙarfi, wato a ga kwaɗo a karye, ko taga a ɓalle, ko an huda bango ko rufi. Idan da makulli aka buɗe, musamman idan makullin yana hannun yaron shago, yawancin takardun ba sa biya. Sharaɗin yana rubuce, amma a cikin Turancin lauyoyi da ƙananan haruffa, kuma wanda ya sayar masa bai zauna ya fassara masa ba. A ganina wannan shi ne babban laifin harkarmu a Arewa: ana karɓar kuɗin mutum ba tare da an tabbatar ya san abin da ya saya ba.

Amsar tambayarka ta farko, Baba, ita ce ana yi. Ba sai masana'anta ba. Amma inshora ba bargo ɗaya ba ne da ke rufe kowace masifa, kowane haɗari da nasa gurbin. Akwai ta gobara, wadda ainihinta wuta ce da tsawa, sannan idan ka nema a ƙara maka ambaliya da guguwa da fashewar bututun ruwa da motar da ta kauce ta afka wa gini. Akwai ta fasa wuri da na bayyana. Akwai kuma ta lalacewar inji, wadda ke biyan ɓarnar da ta auku kwatsam daga cikin injin kansa, kuma wannan ta fi dacewa da manyan injina masu tsada. Babu ɗaya daga cikinsu da ke biyan tsufa, ko tsatsa, ko cin gara, ko haƙoran zarto da suka dakushe.

Tambayarka ta biyu ita ce wurin da mutane ke faɗawa rami. Inshorar gida da kayan cikinsa an gina ta ne a kan cewa gidan wurin zama ne. Kayan aikin sha'awa suna iya shiga idan an ambace su, amma da zarar ɗakin ya zama wurin neman kuɗi, hukuncinsa ya canza. Saboda haka kafin in ci gaba, ka gafarce ni in tambaye ka: kana karɓar kuɗi a kan abin da kake haɗawa? Kuma akwai wanda ke taɓa injinan nan ban da kai?

Tsohon Malami, Birnin Kebbi

Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ni ban taɓa ɗaukar kaina ɗan kasuwa ba, ba ni da allo a ƙofa, ba na tallata komai. Amma tun da kin tambaya, gaskiya ita ce na yi wa Islamiyyar unguwarmu bencina ashirin, suka biya kuɗin katako suka ɗora mini ɗan abin goro. Bara kuma na haɗa wa 'yar wani abokina kabad ɗin jere, ya matsa sai da na karɓi kuɗi. Sannan akwai yara biyu na maƙwabta da ke zuwa Alhamis da Juma'a ina nuna musu aiki, babban har ya fara riƙe injin huda. Shin wannan ma ya zama kasuwanci?

Ma'aikaciyar Inshora, Birnin Kebbi

A wurinka bai zama ba, Baba, amma a wurin mai kimanta asara yana iya zama. Ranar da abu ya faru, Allah ya kiyaye, kamfani zai turo mutum ya duba wurin ya kuma tambayi maƙwabta, kuma maƙwabcin da ke ƙaunarka shi ne zai fara cewa ai Malam ne ya yi bencinan Islamiyya. Idan takardarka ta ce gidan zama ne kawai, to an sami hujjar cewa ka ɓoye abin da ya kamata ka bayyana. Harkar inshora tana tsaye ne a kan cikakkiyar gaskiya daga ɓangarorin biyu, kuma nauyin faɗin abin da zai iya ƙara haɗari yana kanka ko ba a tambaye ka ba. Don haka ka rubuta da hannunka cewa kana aikin katako a gareji, jefi-jefi kana karɓar lada, yara biyu suna koyo a ƙarƙashin kulawarka, kuma akwai janareto. Kuɗin shekara zai iya ƙaruwa, za a iya sa maka sharaɗin ajiye tukunyar kashe gobara, amma takardar da ke hannunka za ta zama mai amfani.

Rami na biyu shi ne ƙima. Mutane suna rubuta farashin da suka sayi kaya, ko su rage da gangan don kuɗin shekara ya yi sauƙi. A ce kayanka sun kai naira miliyan 4 a farashin yau, kai kuma ka rubuta miliyan 2. Wuta ta cinye na miliyan 1. Kai za ka zaci za a ba ka miliyan 1 ɗin tunda bai kai abin da ka rubuta ba, amma kamfani zai ce rabin dukiyar kawai ka sa a inshora, don haka rabin asarar zai biya, wato naira dubu 500, kuma daga ciki za a cire kason farko da aka yi yarjejeniya kai za ka ɗauka. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024, kuma kusan duk injinan nan daga waje ake shigo da su. Wanda bai sabunta ƙimarsa ba tun lokacin, ya riga ya faɗa wannan rami bai sani ba. Ka kuma tambaya ko za a biya ka farashin sabo ne ko za a cire tsufan injin, domin hanyoyi biyu ne daban.

Abin da zan roƙe ka ka yi ko ka sayi inshora ko ba ka saya ba: ka ɗauki littafi ka jera kowane inji da sunan kamfaninsa da lambar da ke jikin ɗan farantin ƙarfen da aka manna masa, ka ɗauki hotonsa, ka nemo rasit idan akwai. Kada littafin ya kwana a garejin.

Mai Gyaran Lantarki, Argungu

Malam, ranka ya daɗe, ni ta fannina zan yi magana. Yawancin gobarar ɗakunan aiki da aka kira ni na gani, siririyar waya ce aka ɗora wa babban inji, ko soket ɗaya aka cusa wa kaya uku. Garin katako yana taruwa a cikin soket da bayan motar inji, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ka ja wa garejin layinsa daban da waya mai kauri da abin katse wuta nasa, ka fitar da fetur da tina, wato ruwan sirka fenti, daga ɗakin. Wani abu kuma da na koya daga wani aiki: idan wutar lantarki ta zo da ƙarfi ta ƙona kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikin inji, shi kaɗai, inshorar gobara ba ta cika biyan wannan injin ba, abin da wutar ta bazu ta cinye take biya. Hajiya ma'aikaciyar inshora za ta gyara mini idan na yi kuskure.

Ma'aikaciyar Inshora, Birnin Kebbi

Ba ka yi kuskure ba, haka yake a yawancin takardun gobara.

Malamin Fiƙihu, Gwandu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tambaya ta uku ita ce ta jawo ni. Neman kariya daga asara bai saɓa wa tawakkali ba, domin wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, an umarce shi ne ya ɗaure ta sannan ya dogara. Inda malamai suka yi magana shi ne siffar yarjejeniyar. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba akwai garari mai yawa a cikinta, wato mutum yana sayen abin da bai san ko zai samu ba, bai kuma san nawa ba, don haka ta haramta ta. Ana ƙara da cewa kamfanonin suna juya kuɗin a wuraren riba, wato kuɗin ruwa. Amma majalisar ta halatta inshorar taimakekeniya da aka gina a kan kyauta. Akwai malamai ƙalilan na wannan zamani da suka halatta ta kasuwancin ma, sai dai rinjaye yana tare da hukuncin majalisar.

Wannan ta taimakekeniyar ita ce takaful. Mahalarta suna zuba gudummawa a asusu guda da niyyar taimakon duk wanda masifa ta afka wa a cikinsu. Asusun nasu ne, kamfani wakili ne da ake biya ladan kulawa, ko abokin mudaraba, wato mai juya kuɗin ta hanyar halal a raba ribar da shi. Idan shekara ta ƙare da rara, ana iya raba wa mahalarta, idan kuma asusun ya gaza, kamfani ya ranta masa bashi marar ruwa. Malamai suna kafa hujja da al'adar Ash'ariyawa, waɗanda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, kuma Annabi ya yabe su a kan haka. An fara kafa irin wannan kamfani a Sudan a 1979. A Najeriya hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma a 2016 aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. Ba a hana wanda ba Musulmi ba shiga, don haka 'yan uwanmu na Zuru da ke zauren nan maganar ta shafe su.

Abin da 'yarmu ta faɗa game da bayyana gaskiya ya fi nauyi a nan. Wanda ya ɓoye haɗarin ɗakinsa ko ya kumbura asararsa, dukiyar 'yan uwansa mahalarta ya ci.

Kafinta, Jega

Allah ya gafarta Malam, ban ƙi bayaninka ba, amma in tambaya: shin a takaful ma idan an buɗe da makulli ba za a biya ba? Idan haka ne, me ya bambanta ta da waccan a wurin talaka irina, ban da suna?

Malamin Fiƙihu, Gwandu

Tambayarka tana kan hanya. Sharuɗɗan biya suna nan, domin asusun da ba shi da iyaka ba zai kai shekara ba. Bambancin yana wajen wanda ya mallaki kuɗin, da inda ake juya shi, da inda rara ke zuwa. Ita ma sai an karanta an fahimta kafin a sa hannu. Kuma abin da ƙungiyarku ta yi maka shi ne asalin takaful, sai dai ƙarfinta yana ƙarewa ranar da masifa ta haɗa ku gaba ɗaya. Waɗanda suka ga gobarar babbar kasuwar Birnin Kebbi ta 2016 sun san yadda abin yake idan mai taimako da mai neman taimako duk suna tsaye a kan toka ɗaya.

Mai Ɗinki, Yauri

Salamu alaikum, iyaye da yayye. Kowa yana maganar wuta, ni ruwa ne ya koya mini darasi. A damunar 2020 ruwa ya shigo mana gida cikin dare har gwiwa. Ina da keken ɗinki biyu da injin saƙa da nake yi wa jikokina rigunan sanyi da shi, duk a ƙasa suke a ɗakin tsakar gida. Da ruwan ya janye na buɗe injin saƙar, laka ta cika tsakanin allurai, kwana uku ina bin su ɗaya bayan ɗaya da tsohon burushi da man keke, amma tsatsa ta riga ni. Kekunan sun tashi, shi kam bai sake aiki ba. Rasit ɗinsa kuma yana cikin akwatin da ruwan ya jiƙa, ya zama kamar kunu.

Don haka duk wanda ke kusa da kogin Neja ko gulbin Rima ko wata fadama, ya tabbatar an rubuta ambaliya ƙarara a takardarsa, kada ya yarda da "ai duk ya haɗa" na baki. Ni yanzu na sa an gina mini dakali mai tsayi a ɗakin, hotunan kayana kuma suna wayar 'yata da ke Sakkwato.

Mai Walda, Gusau

Namu tsoron daban ne a Zamfara. Ƙanina yana da injin walda da janareto a gidansa na ƙauye, kuma sau biyu suna barin garin saboda 'yan bindiga. Shin akwai inshorar da ke biyan abin da aka ƙona ko aka kwashe a irin wannan hari? Sannan ni kaina a zauren gidana nake walda da yamma bayan na tashi daga ofis, katanga ɗaya ce tsakanina da rumbun maƙwabci. Idan tartsatsina ya cinye masa hatsi, wa zai biya?

Ma'aikaciyar Inshora, Birnin Kebbi

Kawu, ba zan yi maka daɗin baki ba. Takardun gobara da na sata na yau da kullum suna fitar da yaƙi da ta'addanci daga abin da suke biya, tarzoma ma sai an ƙara ta musamman. Ko harin 'yan bindiga fashi ne ko ta'addanci, wannan kalma ɗaya tana iya raba mutum da diyyarsa, don haka ƙaninka ya nemi a ba shi amsa a rubuce kafin ya biya ko kwabo. Akwai kuma sharaɗin barin gida ba kowa: idan wuri ya zauna a rufe fiye da kwanakin da aka ƙayyade, galibi 30, kariyar tana iya tsayawa sai an sanar da kamfani. Ga wanda ke gudun hijira wannan sharaɗi ne mai tsanani, kuma ni a ganina kwaso injinan zuwa Gusau ya fi masa kowace takarda.

Rumbun maƙwabci kuwa, inshorar kayanka ba ta taɓa shi. Akwai gurbi daban na haƙƙin wasu, wanda ke biyan ɓarnar da aikinka ya jawo wa dukiya ko jikin wani. Baba Malam ma ya tambayi wannan saboda yaran da ke koyo a wurinsa, ya kuma tabbatar an ambace su, domin wasu takardun suna ɗaukar ɗan koyo a matsayin ma'aikaci su fitar da shi. Yatsan yaro ya fi duk injinan garejin tsada.

Abu na ƙarshe, a biya kuɗi a asusun kamfanin da ke da lasisin NAICOM, ba a asusun ejan ba, a kuma karɓi takarda da rasit. Ƙa'idar ita ce idan kuɗi bai shiga ba babu kariya, tana cikin dokar inshora ta 2003, kuma da ita ake aiki har bayan sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Agustan 2025. Wanda yake ganin an zalunce shi, hukumar tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma da Yayana na Jega ya san da shi a lokacin, aƙalla da an saurare shi.

Tsohon Malami, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Yau kwana goma da buɗe wannan magana, ga inda na kwana. Fetur da tina sun koma wani ɗan ɗaki a bayan gida. Mai lantarki ya ja wa garejin layinsa, kuma da ya buɗe tsohon soket ɗin injin yanka, wayar ta yi baƙi, robar ta narke ta manne da garin katako, sai da na zauna a benci na yi ta hamdala. Na sayi tukunyar kashe gobara na rataye ta a bakin ƙofa. Na kira iyayen yaran biyu na faɗa musu cewa injin yanka ba mai taɓa shi sai ni.

Jerin kayan ya ci shafi huɗu, kuma jimillarsa a farashin yau ta wuce abin da nake zato nesa ba kusa ba. Na rubuta wa kamfanin takaful wasiƙa da hannuna, na ambaci bencinan Islamiyya da kabad ɗin jere da yaran da janareto, na nemi gobara da ambaliya da fasa wuri da haƙƙin wasu, kowanne da farashinsa daban don in ga abin da fanshona zai ɗauka. Sun ce za su turo mai dubawa. Ɗan'uwana na Jega, na kuma shiga adashen kafintocin unguwarmu, ban watsar da shawararka ba.

Matsala ɗaya ta rage, 'yata. Farantin da ke jikin janareton ya goge, lambar ba ta karantuwa, kuma a hannu na saye shi wurin wani da ya riga mu gidan gaskiya, ba rasit. Shin hoto da shaidar makanikin da ke gyara mini shi za su wadatar, ko in cire shi daga jerin?